Mai Sanduna a Gonar Isyaku

Mika'ilu na durƙushe a gindin shingen lalle, yana yaye rassa da hannu biyu, yana neman wata 'yar farar ƙwallo da ba ta kai ƙwan kaza girma ba. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ta ɓata masa farin wandon da ya sha guga, wani reshe kuma ya karce shi a wuya. Daga can tsakiyar gona Bature ya ɗaga sanda yana nuna masa wajen hagu.

"Maikal! Matsa gaba kaɗan! A nan na ga ta faɗa!"

"To, ranka ya daɗe," in ji Mika'ilu da Turanci, ya ci gaba da lalube. Tun da suka haɗu bai taɓa gyara masa sunan ba.

Gonar ta yayansa Isyaku ce, a Kukar Badaru, wani ɗan ƙauye da ke arewa da Minjibir. Ruwa ya sauka kafin asuba, ruwan shuka na sosai, wanda aka daɗe ana ɗaga kai sama ana dubansa. A wannan ƙasar kuwa gona na jingine da gona ne, babu sauran daji, sai shinge da ɗorawa da tsamiya ke raba ta wane da ta wane. Duk inda mutum ya juya sai ya hangi magidanci da sungumi yana tafe yana sara, iyalinsa na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Gona ɗaya ce tak ba a taɓa ba, ita ce wadda Bature ke tsaye a cikinta.

Mista Kolbek sunansa, amma da aka ga direba ya sauko masa da wata doguwar jakar fata cike da sandunan ƙarfe, sai mutanen ƙauye suka raɗa masa Mai Sanduna. Shi ba Di'o ba ne, ba kuma malamin gona ba. Marubuci ne da aka ɗauko daga Ingila don ya shirya fim a kan shukar gero, a riƙa nuna wa talakawa a majigi. Dattijo ne siriri mai furfura, ba ya tsawa, ba ya zagi, yana kuma cewa na gode ko ruwa ka miƙa masa.

Mika'ilu ya san sunan nan tun kafin ya ga mai shi. A ofishin majigi na Kano yake aiki, shi ne mai riƙe lasifika yana yi wa jama'a bayanin abin da ke gudana a farin ƙyalle. Wata rana a ɗakin karatu ya ci karo da jerin littattafan Kolbek. Akasarinsu a kan wasan golf ne, wasan nan da Turawa ke bugun ƙwallo da sanda suna binta har ta faɗa rami: ɗaya a kan riƙon sanda, ɗaya a kan filayen wasan a ƙasashe masu zafi, wani a kan gwanayen da suka shuɗe. Waɗannan bai ko buɗe su ba. Amma a ƙarshen jerin akwai wani siririn littafi a kan yadda mutum zai ɗauki fim da ƙaramar kyamara, shi kaɗai, ba tare da taron ma'aikata ba. Wannan ya ara, ya mayar, ya sake ara, har mai kula da ɗakin ya daina tambayarsa. Ya haddace inda ake tsayawa in rana na gabas, da yadda ake bin mai tafiya ba tare da hoto ya yi rawa ba. Kyamarar ce dai bai taɓa riƙewa ba, don ta ofis a kulle take, Turawa kaɗai ke taɓa ta.

Saboda haka da aka ce Kolbek ɗin da kansa zai zo, kuma ana neman gonar da za a yi aikin, Mika'ilu ne ya yi caraf ya ce akwai ta yayansa. Ya san ana shirin tura mutum ɗaya Ikko koyon ɗaukar fim, ya kuma san kalma ɗaya daga bakin baƙon nan ta isa. Aka aika wa Dagaci cewa kada a taɓa gonar Isyaku sai Bature ya zo. Ko binne, wato shukar da ake yi a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, ba a bar shi ya yi ba.

Ga shi Bature ya zo, ruwa ya zo, amma rana ta ƙi fitowa. Kolbek ya dubi sama tun da hantsi, ya ce hasken bai yi ba, a dakata. Kyamara na cikin akwatinta a mota. Don kada zaman ya ishe shi ya zaro sanda.

Mika'ilu ya samo ƙwallon, ya goge ta a jikin riga, ya kai masa. A hanyarsa ta komawa sai da ya bi ta gindin ɗorawa, inda ba ya son bi. Isyaku na zaune a kan saiwa, sungumi a gicciye bisa cinyarsa. Mahaifiyarsu, Inna Turai, na gefe da ƙwaryar iri an rufe ta da faifai. Sammani, ɗan aiken Dagaci, ya shimfiɗa buzu kusa da su yana cin goro, shi aka sa ya tabbatar ba a karya umarni ba.

"Malam," in ji Isyaku. Ba ya kiran ƙanensa Malam sai ransa ya ɓaci. "Me mutumin naka ya ce?"

"Ya ce a ƙara haƙuri, Yaya. Da rana ta leƙo za a fara."

"Rana." Isyaku ya sa hannu ya damƙo ƙasa, ya matse, ya buɗe tafinsa. Ta dunƙule, amma gefenta ya fara wargajewa. "Kowa a garin nan roƙon Allah yake kada ta fito, shi kuma ita yake jira. Ka manta irin ƙasarmu ne? Rairayi ce. Ba ta riƙe ruwa ta kwana da shi."

"Na sani, Yaya."

"Ka gaya masa?"

"Na soma yi masa bayani."

Gaskiya ne ya soma. Da safe ya ce da Kolbek manoma duk sun fita shuka, Kolbek ya dubi gonakin ya ce abin gwanin sha'awa, daga nan maganar ta mutu. Shugaban ofis ya ja masa kunne kafin su taso cewa baƙon gwamnati ne, kada a matsa masa, kada a koya masa aikinsa. Ban da haka, littafin ma ya ce mai kyamara na gari shi ne mai iya jiran haske. Yaya za a yi ya je ya ce wa wanda ya rubuta hakan ya daina jira?

Inna Turai ta gyara mayafi. Ba ta ambatar sunan ɗanta na fari, saboda haka ƙaramin ta fuskanta.

"Auta, wai shi wannan abin da yake bugawa, in ya buga ya tafi nema, me ake samu?"

"Wasa ne, Inna. Manyan mutane ke yin sa a ƙasarsu. Har littattafai ya rubuta a kai."

"Littattafai a kan wannan?" Ta leƙa inda dattijon ya raba ƙafafu yana karkaɗa ƙugu kafin ya buga. "Allah mai mutane. To ka ce masa ya matsa can bakin hanya ya yi, ya bar mana wuri."

"Hattara dai, Inna," in ji Sammani, yana tofar da tukar goro. "Umarni daga sama ya zo. Ni ma da tawa gonar, ga ni zaune."

"Taka ƙannenka na can suna shuka maka," in ji Isyaku, bai ko dube shi ba.

Mika'ilu ya bar su, ya nufi Bature da niyyar wannan karon sai ya faɗa. Ya shirya kalmomin a ransa, ya jera su da ladabi. Yana isa Kolbek ya miƙa masa sanda ya riƙe, ya ɗauki wata.

"Ka ga ƙasar nan, Maikal? Irin wadda ake nema ce. Ruwa ya sauka ɗazu, amma dubi, har ta fara shanyewa. A ƙasarmu sai a bakin teku ake samun irinta. Zan sa ta a sabon littafina."

Ga ƙofa ta buɗe, shi da kansa ya ambaci shanyewar ƙasa. Amma da Mika'ilu ya buɗe baki sai wata maganar ta riga fita, wadda ya daɗe yana ɗauke da ita.

"Ranka ya daɗe, na karanta littafinka."

"Haba? Wanne? Na riƙon sanda?"

"A'a, na ɗaukar fim."

Kolbek ya yi dariya.

"Oho, wancan ƙaramin! Har nan ya iso? Ka san yadda aka yi na rubuta shi? Karyewa na yi a ƙafa, likita ya hana ni fita fili, zaman ya gundure ni. Ni ai ban sayi kyamara don komai ba sai don in ɗauki gwanaye suna bugu, in dawo in kalla a hankali, in gane inda sirrin yake. Sauran duk daga baya ya biyo." Ya gyara tsayuwa. "Kuma shi ne ya fi sauran kasuwa, abin haushi. Shi ya sa gwamnatinku ta ɗauka ni gwanin fim ne."

"Akwai inda ka yi magana a kan bin mai tafiya da kyamara, na so in tambaye ka..."

"Na ce wani abu a kan haka? To, mai yiwuwa. Kauce kaɗan, kada in same ka."

Ya buga. Ƙwallon ta tashi ta haye shinge, ta faɗa gonar maƙwabci, tsakiyar masu shuka. Mika'ilu ya ajiye sandar da ke hannunsa. Sannan ya tafi ɗaukowa. Mutanen da suka yi wasan ƙasa tare da shi suka dakata da sara suna kallonsa, malamin ofis guda yana tsallake layukan shukarsu yana ba da haƙuri. Babu wanda ya yi dariya, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan. Ɗaya daga cikinsu ya nuna masa inda take da bakin sungumi, ya ce, "A gai da Isyaku. Ka ce masa da mun gama da wuri da mun leƙo, amma ka ga yadda take shanyewa."

Da azahar Bature ya koma mota, direba ya buɗe masa gwangwanin kifi da burodi. Su kuma suka yi salla a gindin ɗorawa. Sakinatu, matar Isyaku, ta aiko da fura daga gida, don ita tana jego. Isyaku ya kurɓa sau ɗaya ya ture ƙwaryar. Suna nan zaune gajimare ya tsage, rana ta faɗo a kan gonar gaba ɗaya, mai zafi, irin wadda ke biyo bayan ruwa. Cikin ɗan lokaci saman ƙasa ya soma sauya kama daga ja-ja zuwa fari.

"Ga abin da kuke jira nan," in ji Isyaku.

Kolbek ya fito da sauri yana tafa hannu. Aka sauke akwati, aka kafa kyamara a kan ƙafafunta uku. Mika'ilu ya ƙura mata ido, ga ta a fili, baƙa, ƙarama fiye da yadda ya zata, da ɗan mabuɗi a gefe da ake wana ta kamar agogo. Ya ce wa yayansa ya tashi, an fara.

Isyaku bai jira a faɗa sau biyu ba. Ya yi bisimilla, ya kama layi daga bakin shinge. Yana taku yana sara, sungumi na tashi yana sauka daidai da ƙafarsa, rami na bin rami kamar an auna. Inna ta bi bayansa da ƙwarya. Mika'ilu ya saki ajiyar zuciya, ya ce a ransa ko yanzu aka dage za a ci rabin gonar kafin duhu.

"Tsaya! Tsaya!"

Kolbek ya ɗago daga bayan kyamara, idanunsa na ƙyalli.

"Maikal, ka ga abin da na gani? Dubi kafaɗarsa! Dubi yadda nauyinsa ke tashi daga wannan ƙafa ya koma waccan! Hannunsa ba ya yin komai, ƙugu ne ke aikin. Shekara da shekaru ina rubutu ina neman yadda zan bayyana wa mutane wannan, ga shi nan a gabana, mutumin da bai taɓa ganin filin golf ba! Ce masa ya dawo ya sake. Tsohuwar ta ɗan koma gefe tukuna."

"Me ya ce?" in ji Isyaku.

"Ya yaba da aikinka, Yaya. Ya ce ka dawo ka sake daga farko, hoton bai kama ba."

Isyaku ya dawo. Ya sake saran ramukan da ya riga ya sara. Aka ɗauke shi ta gaba, aka ce ya sake a ɗauka ta gefe. Aka matsar da kyamara, aka ce ya sake, amma a hankali. Aka ce ya tuɓe riga don a ga bayansa. Kowane karo Mika'ilu na nemo wani dalili mai daɗin ji ya ba shi, kowane karo kuma muryarsa na ƙara ƙanƙancewa. Layin nan guda ya zama kamar inda kaji suka yi tono, irin da Inna ta zuba ya fito fili, sauran gonar kuwa na kwance tana bushewa. Inuwar ɗorawa ta soma miƙewa gabas.

Daga nan Kolbek ya je jakarsa, ya zaɓo sanda, ya ajiye ƙwallo a ƙasa, ya miƙa wa Isyaku sandar da hannu biyu, fuskarsa cike da murna kamar mai ba da kyauta.

"Ce masa ya gwada sau ɗaya kawai. Ina so in ga abin da jikin nan zai yi da ita."

Isyaku ya dubi sandar, ya dubi ƙanensa. Gumi na bin ƙirjinsa.

"Wannan kuma fa? Shi ma na koya wa talakawa shuka ne?"

Mika'ilu ya kawar da ido.

"To saurara," in ji Isyaku. Bai ɗaga murya ba. "Zan yi magana, za ka juya masa ita yadda na faɗe ta. In ka rage ko ka ƙara, Allah na gani, Inna na gani. Ka ce masa ruwan nan ba shi ya kawo shi ba, in ya tafi kuma ba shi da ikon dawo da shi. Ka ce masa gida guda ke ci daga gonar nan, har da jaririn da ba a yi wa suna ba. Ka ce tun asuba nake zaune ina kallon abincin shekara yana tashi sama saboda shi. In hoto yake so, ya dawo da kaka, zan buɗe masa rumbu ya ɗauki hoton cikinsa."

Sammani ya miƙe zumbur, goro ya faɗi daga cinyarsa. "Kai, Isyaku! Ka san a gaban wa kake? So kake a kwana da mu a birni? Malam, kada ka faɗa! Ce masa hannunsa ke ciwo."

Kolbek na tsaye da sanda a miƙe, yana duban wannan yana duban wancan, murmushinsa na raguwa. "Mene ne, Maikal? Me yake cewa?"

Mika'ilu ya ji Ikko na nisa da shi kamar jirgin da ya tashi ya bar mutum a tasha. Ya dubi mahaifiyarsa. Tana tsaye rungume da ƙwarya. Ya juya ga Baturen, ya faɗa masa duka, tun daga ruwan har rumbun, bai rage ba.

Ya jira tsawa. Sammani har ya fara ja da baya. Amma Kolbek sai ya sauke sandar a hankali, fuskarsa ta yi ja har kunnuwa. Ya waiga ya dubi gonakin da ke kewaye, waɗanda duk an kusa gamawa, ya sunkuya ya taɓa ƙasa da yatsa kamar yanzu ya fara ganinta.

"Kana nufin saboda ni ne bai yi shuka ba? Na zaci ranar tasa ce ba ta zo ba. Wa ya hana shi?"

"An ce ka ce kada a taɓa gonar, ranka ya daɗe."

"Ni? Abin da na ce a ofis shi ne, in da hali a bar mini ɗan gefe, layi biyu ko uku, inda zan kafa kyamara. Me zan yi da gona guda?" Ya cire hula ya shafa kansa. "Tun safe muna tare, Maikal. Ba na jin harshenku, ban san gero ba. Kai ne kunnena a nan. Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Mika'ilu ya sunkuyar da kai.

"Me ya ce?" in ji Isyaku.

Wannan ta fi ta farko nauyi. Yana iya cewa Bature ya ba da haƙuri, ya ce a ci gaba, kuma ba ƙarya ya yi ba. Amma ya riga ya fara faɗar magana yadda take, bakinsa ya ƙi komawa. Ya juya ta da Hausa, har tambayar ƙarshe.

Isyaku ya daɗe yana kallonsa.

"Wato ko tambayarsa ba ka yi ba."

"Yaya, na so in..."

"Layi uku," in ji Isyaku. Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, ya juya wajen Sammani. "Kai kuma ka ji. Layi uku." Sammani ya naɗe buzunsa yana gunaguni cewa shi abin da aka gaya masa ya faɗa, ya bi ta bayan shinge ya tafi.

Isyaku ya ɗauki sungumi ya wuce can ƙasan gona, wajen kwari, inda laima ta fi daɗewa. Bai mai da rigarsa ba. Ya kama sara da sauri, yana nutsa sungumin fiye da yadda aka saba don ya tarar da danshi. Inna ta bi shi. Da ganin tafiyarta ka san ba za ta iya riskarsa ba. Kafin ta rufe rami ɗaya ya sara uku, ramukan kuma na shan rana a buɗe. A gindin ɗorawa akwai ragowar iri a buhu da wani ƙoƙon da ta zo da shi, babu mai ɗauka.

Mika'ilu ya sunkuya zai kwance igiyar takalminsa.

"Maikal." Muryar Kolbek ta yi ƙasa. Yana tsaye a gefen kyamara, hannuwansa a aljihu. "Dole in koma da wani abu, ga shi hasken yanzu ya fi na ko yaushe kyau. Amma ni ba zan iya sake nuna wa mutumin nan wannan abin ba, ba ni da fuskar. Kai ɗan'uwansa ne. Ka ce ka karanta littafin. Zo ka nuna mini abin da na rubuta."

Kolbek ya wana kyamarar, ya matsa gefe ya ba shi wuri.

Mika'ilu ya tsaya a sunkuye, igiya a hannunsa. Ya dubi ƙoƙon. Ya dubi kyamarar. Ya ce a ransa ai ba za ta ɗauki lokaci ba, kafin Inna ta kai ƙarshen layi ya gama. Ya miƙe.

Ƙarfen na da ɗumi. Ya sa ido a 'yar tagar, sai duniya duk ta tattaru ta shiga wani ɗan fili mai kusurwa huɗu. Ya cire ta daga kan ƙafafunta ba tare da ya nemi izini ba, ya zagaya har rana ta koma bayan kafaɗarsa, ya manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ya danna. Ta soma ƙara a hankali kusa da kunnensa. Ga Isyaku na tahowa, ƙasa na tashi daga bakin sungumi tana walƙiya. Ga Inna can baya, ta tsaya ta dafa ƙugu, ta sake sunkuyawa. Ya ga ta gaji, ya ga tazarar da ke tsakaninsu na ƙaruwa, ya kuma ga cewa tazarar ce ta sa hoton ya yi kyau. Ya bi su da kyamara, hannunsa bai yi rawa ba. Da ta tsaya ya sake wana ta da kansa. Ya canja wuri, ya durƙusa, ya ɗauki diddigen mahaifiyarsa yana rufe rami. Bai san lokacin da aka yi la'asar ba, bai san sau nawa ya wana ba, sai da Kolbek ya dafa shi ya ce fim ya ƙare.

"Wa ya koya maka tsayuwa haka?" in ji dattijon, yana karɓar kyamarar. "Ni kaina ba na yin rabin wannan. An ce mini ana neman wanda za a tura Ikko. Zan yi magana." Ya dubi wajen kwari. "Ka ba ɗan'uwanka haƙuri. Ban san yadda ake faɗa ba."

Ya tafi wajen mota, direba na tattara sanduna.

Mika'ilu ya yar da takalmansa, ya naɗe wando, ya suri ƙoƙon ya cika da iri, ya ruga kwari. Rana ta yi ƙasa. Abin da aka shuka bai kai sulusin gonar ba. Ya tarar Inna zaune a kan kunya tana haki, Isyaku kuma ya daina sara, yana bin ramukan da ya yi yana rufewa da kansa.

"Yaya, kawo in bi ka. Kai ka ci gaba da sara."

Isyaku bai ɗago ba. Ya jefa iri, ya take, ya matsa gaba.

"Sara ina? Taka ka ji."

Mika'ilu ya tura babban yatsan ƙafarsa cikin ƙasar da ba a sara ba. Ta shige masa tsakanin yatsu, da ɗumi, a warwatse. Ya ƙara turawa har idon sawu bai ji sanyi ba.

"Wataƙila a sake ruwa cikin makon nan," ya ce.

"Wataƙila."

Daga bakin hanya direba ya danna ham. Inna Turai ta miƙo hannu ta karɓi ƙoƙon daga wurinsa, ta juye irin a cikin ƙwaryarta a hankali don kada ƙwaya ta zube, ta rufe da faifai.

"Je ka, Auta," ta ce. "Kada ka sa baƙo jira."